Bakano, Rufe Shagon Ka Zo Zariya Kallo

Bawana Bakano, gaisuwa irin ta ubangida da yaronsa, wato ina zaune kana durƙushe. Ya kasuwa? Da ita na fara, don na san ko lafiyar iyali na tambaye ka, farashin shinkafa a Singa za ka karanto mini.

Maganarka ta iso. An ce ka miƙe ƙafa a majalisarku kana cika baki, wai Zariya ba gari ba ce, wurin shan mai ne tsakanin Kano da Kaduna, wai babu abin kallo a cikinta sai ɗalibi rungume da littafi da tsoho rungume da ƙwaryar fate. An ce har tafa maka aka yi. Ban ji haushi ba. Mutumin da iyakar saninsa da Zariya gadar Kwangila, inda mota ke tsayawa ya leƙo ta taga ya taya rake ya ƙi saye, ai ba a kama shi da laifin bakinsa. Magani ya kamace shi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ciwonka ɗaya ne, kuma gadonsa ka yi: ba ka iya kallo ba. In aka nuna maka doki, kafin ka ga tafiyarsa ka tambayi kuɗinsa. In aka tsayar da kai gaban tsohon gini, kai shaguna nawa za su fito a filin kake ƙirgawa. An ce wani ɗan'uwanka ya hau Dala, ya dubi birni gabas da yamma, da ya sauko aka ce me ka gani, ya ce ya hango wani kango a Gwammaja, ko wa ya san mai shi?

Ga shi kuma garinku ya yi girman da ya fi ƙarfin shaƙatawa. Ƙananan hukumomi takwas kuka cusa wuri guda kuka ce gari ne. Mutum ya fito daga Rijiyar Zaki zai je ɗaurin aure Hotoro, kafin a-daidaita-sahu ta fid da shi daga cunkoso an shafa fatiha, an raba goro, an naɗe tabarmi. Mu biyu ne kacal, Zariya da Sabon Gari. Sai ka yi Azahar a cikin ganuwa, ka yi La'asar a Samaru, ka dawo ka ci tuwon dare a gidanka, a tsakani kuwa ka ga abin da za ka ba jikoki labari. Amfanin madaidaicin gari ke nan: abin kallon bai fi ƙarfin ƙafarka ba, bai kuma fi ƙarfin aljihunka ba.

Bari in fara da inda zai fi yi maka zafi, wato hawan Sallah.

Ranar Idi ka sami wuri a Babban Dodo tun da hantsi, ka jira Sarki ya taso daga filin Idi na Ƙofar Doka. Kunne ne zai riga ido. 'Yan bindiga za su saki wuta, ƙasa ta amsa, hayaƙin albarushi ya turnuƙe, tantabarun unguwa su watse sama. In ka zabura ba komai, mun san baƙo ne. Sai 'yan lifidi da kwalkwalinsu, dawakinsu a lulluɓe har gwiwa, sai dogarai ja da kore, sai kakaki da algaita suna karɓa wa juna. Can sai ka hango lema tana juyawa a hankali, figini na kaɗawa dama da hagu, mata na rangaɗa guɗa ta saman katanga. A lokacin nan ko mai tallan ƙanƙara mantawa yake da canjinsa, abin da na san ba zai taɓa faruwa da kai ba.

Washegari Hawan Bariki. Sarki ya fita ganuwa, ya ratsa Tudun Wada ya nufi unguwar Turawa ta da. Asalinsa gaisuwar Razdan ce a zamanin mulkin mallaka. Razdan ya tafi, hawan ya zauna, ya zama ranar da mutanen bayan ganuwa ke ganin Sarkinsu a ƙofar gidajensu.

Rana ta uku kuwa, Hawan Daushe, ita ce ranar da Bazazzagi ke buɗe akwati. Da La'asar hakimai da masu sarauta ke jerowa, Madaki da Galadima da Wambai da Iya da sauransu, kowa da jama'arsa, kowace jama'a da launin kayanta, tun daga rawani har jalalar doki. Ka zuba ido a tsakiyar ayari, ba za ka rasa wani yaro ba wanda ko kaciyarsa ba ta daɗe da warkewa ba, an naɗa masa rawanin da ya fi kansa girma, ƙafarsa ba ta kai likkafa ba, zagi na riƙe da linzami, shi kuwa ya haɗe rai ya ɗaga ɗan hannunsa yana jinjina, ko murmushi babu, don an gaya masa ɗan sarauta ba ya washe baki a kan doki. Sannan a buɗe fili a ƙofar fada a shiga jafi. Mahaya su taso a sukwane kafaɗa da kafaɗa, har ka ce za su bi ta kan jama'a, sai su ja linzami gab da Sarki, dawaki su turje, ƙura ta tashi, hannuwa su yi sama. Babu tikiti, babu mai tsaron ƙofa. Iyakar asararka kuɗin rake da zoɓo.

Na san abin da za ka ce: ai hawan Kano ne UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024. Gaskiya ne, barka. Sai dai a Babbar Sallar 2024 'yan sanda sun hana ku hawa, da aka ba ku takardar ma suka sake hanawa a Ƙaramar Sallar 2025. Takarda ba hawa, ai sirdi ne rataye a zaure ba doki a turke. Kuma ku kuka ja wa kanku. Bakano bai iya riƙe abu ɗaya ba sai ya yi sari. Kuna da sarki ɗaya, a 2019 kuka mai da su biyar, a 2024 kuka ce kun koma ɗaya, aka wayi gari biyu ne, ɗaya a Gidan Rumfa ɗaya a Nassarawa. Mu gidajen sarauta huɗu gare mu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma da Allah ya yi wa Sarki Shehu Idris rasuwa a 2020 bayan shekara 45 a kan gado, mu ma an ja, an kai ruwa rana. Amma aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli, lema ɗaya, fada ɗaya. Allah ya daidaita tsakaninku, don ko ba komai mun gaji da ba ku aron wurin tsayuwa.

In ƙura ta lafa, ka tsaya ka dubi ƙofar fadar da kyau, ka ga yadda aka zuba mata zane da launi har ido ya rasa inda zai sauka. A gidan nan aka yi Sarki Aliyu Ɗansidi, sarkin da yake mulki da rana, yake tsara waƙa da dare, mai Tabarƙoƙo, wanda har yau ɗaliban Hausa ke karya alƙalami a kan baitocinsa. Shi ne Bamalle na ƙarshe a gadon kafin na yanzu, tsakaninsu shekara ɗari. Wannan shi ake kira haƙuri, kayan da ba a sayarwa a Kantin Kwari.

Daga nan ka taka zuwa Masallacin Juma'a. Daga waje za ka ga ginin zamani ka ce me ye a ciki. Cire takalmi ka shiga. A cikin sabon ginin akwai abin da ya rage na tsohon, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830. Ƙasa ce da azara, babu ƙarfe babu siminti. Ka ɗaga kai ka ga bakan gizo ya taso daga ginshiƙi ya lanƙwaso ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiyar tulluwa, ka dubi jikin ginshiƙan ka ga zanen da aka fitar da yatsa tun ƙasar na ɗanya. Ko a tsakiyar bazara wurin da sanyi. Masu nazarin gine-gine daga ƙasashen duniya suna zuwa su auna, su ɗau hoto, su koma su rubuta littafi. Ana ba da labari cewa da Gwanin ya gina wa Sarkin Birnin Gwari nasa, sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya je ya gina wa wani wanda ya fi shi. Da a hannun Bakano ya faɗa da ya tsira da ransa, sai dai har yau jikokinsa na bin cikon kuɗin aiki.

Sai mu fita gari mu nufi Kufena. Kada ka zo da babbar riga, kada kuma ka tambayi inda matakala take, ba Dala ba ce da aka yi mata bene don 'yan kasuwa masu tumbi. Dutse ne na gaske, hawansa sai da hannu da ƙafa. A gindinsa akwai ragowar tsohuwar ganuwa, don nan ma mazaunin Zage-zagi ne kafin birnin yanzu, kamar yadda Turunku ta can kudu, a ƙasar Igabi, ta kasance mazaunin Bakwa. In ka kai ƙololuwa da damina, za ka ga gonaki kore shar har iyakar gani, ga rimayen birni sun yi cirko-cirko, ga dogon benen jami'a can a Samaru. Ranar hutu za ka tarar da samari da ɗalibai sun hau da ruwansu da abincinsu, wasu na ɗaukar hoto, wasu na haki suna rantsuwar ba za su ƙara ba.

A kan dutsen nan zan zaunar da kai in tuna maka uwar ɗakinka, Amina 'yar Bakwa. Kada ka ce tatsuniyar Zage-zagi ce. Littafin tarihin sarakunanku na Kano shi ya kawo labarinta, shi ya ce Sarkin Nupe ya aiko mata da goro 10,000, ya ce ita ta fara samun goro a ƙasar Hausa. Wato goron da kuke tutiya da cinikinsa a Mariri, a hannun tamu kuka fara ganinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a Infaƙul Maisuri, ya ambaci Kano cikin ƙasashen da ta ci da yaƙi. Don haka in na ce maka bawana, ba ƙage na yi ba, da takarda.

Tunda an taɓo tarihi, ƙara wannan a aljihu. Da jihadi ya iso Zariya, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828 aka sa wa garin sunansa. A 1976 da Janar Murtala, ɗanku na Kano, ya tashi sauya wa Nijeriya babban birni, ƙasar Zage-zagin nan ya nufa, aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birni, tsohon garin ya koma Suleja. Shi kansa Murtalan a Zariya ya yi karatu, a kwalejin da yau ake kira Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ta yada zango a Kaduna, ta zo ta zauna a wurinmu a 1949. Yaro ya san inda aka ba shi ilimi.

In mun sauko, Wusasa na nan kusa. Akwai majami'ar da aka gina a 1929, ta ƙasa, da hannun maginan Hausa, da bakan gizonta da komai, in ba an gaya maka ba sai ka ɗauka zauren wani basarake ne. A garin nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. A nan za ka ji Bahaushe Kirista yana gaisuwa da Hausar da ta fi taka tsabta, kuma maƙwabcinsa Musulmi ya aiko masa da naman layya. Wannan ma abin kallo ne ga mai ido.

Yanzu sai Samaru. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a watan Oktoban 1962, kuma kafin ka buɗe baki ka ce Bayero, tuna cewa a da reshenta ce, a ƙarƙashinta ta yi rarrafe har ta samu cin gashin kai a 1977. In 'ya ta yi kyau, uwa ake yi wa barka. Amma ba aji zan kai ka ba, na san ba ka jure zama inda ba a ciniki. Dandalin wasan kwaikwayo zan kai ka, wanda wani Ba'amurke mai suna Steven Ehrlich ya tsara a tsakiyar shekarun 1970. Mutumin ya zo ya ga gidan Bahaushe ya ce ai ga dandali nan an riga an gama. Ɗakunan ƙasa masu jinka aka kewaya, aka haɗe su da katanga, aka bar tsakar gida a buɗe. Da dare sai a kunna fitilu, 'yan kallo su zagaye, ɗan wasa ya ɓullo daga wannan ɗaki, wata ta amsa masa daga wancan, sama kuwa taurari. Daga dandalin nan malamai da ɗalibai suka riƙa kwasar wasa suna kai wa ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, manomi ya ga an kwaikwayi wahalarsa ta taki da bashi, ya yi dariya, ya tashi ya shiga wasan da kansa ya gyara musu inda suka kuskure.

Kai na san fim za ka kawo. Na sallama, Kannywood taku ce, har matanmu ba sa ɗora tukunya sai sun ga ƙarshen shiri. Amma a 2016 da gwamnatin tarayya ta ce za ta gina muku alƙaryar fim a Ƙofa, wa ya tashi ya ce bai yarda ba har aka fasa? Ku ne. Ku yi fim, ku sayar, ku kalla a ɓoye, ku fito ku tsine masa a fili. Wannan dabara sai Bakano.

Kafin mu bar jami'ar, mu leƙa sashen zane da sassaƙa, ka ga gumakan siminti da na ƙarfe da ɗalibai suka jera a ƙarƙashin bishiyoyi. Tun 1958, jami'ar ma ba ta zama jami'a ba, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suka ce sun gaji da kwaikwayon zanen Bature, za su zana da idon gida. Yau duk inda ake tarihin zanen zamani a Nijeriya sai an ambaci Zariya. Da yamma kuma ka ji dim-dim a filin ƙwallon kwando. Kada ka raina dogayen yaran nan. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta Kanada ta ɗauki kofin NBA a 2019, a garin nan ya tashi, a nan ya fara jefa ƙwallo a kwando. In ka ce Pillars ɗinku ta ci gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa sau huɗu, ba na musu. Ka dai ƙarasa labarin, ka faɗi abin da ya same ta a 2022, lokacin da masu gida suka koma kwana a zaure.

Kun ce Hausarmu ba ta san mace ba. To, littafin da aka koya maka karatu da shi fa, ina aka haife shi? A Zariya ofishin talifi yake lokacin da aka yi gasar 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A Zariya Abubakar Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. A Zariya Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairun 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Kafin a yi rediyo a kowane gida, nishaɗin Bahaushe mai karatu daga garin nan ake ɗaure shi a saka a jirgin ƙasa a aika muku. Jirgin ma da ya iso gare ku a 1911, sai da ya sha ruwa a tasharmu tukuna.

In wuyanka bai gaji ba, mu tsaya a Palladan ka ɗaga kai. Ƙananan jirage ne ke shawagi, wannan ya sauka wancan ya tashi, ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ce da aka kafa a 1964. Yaran unguwar ko kallo ba sa yi, sai baƙo. E, a Kano jirgin sama ya fara sauka a 1925, kuka fito kuka yi ta kallo. Ku aka bar wa kallon, mu aka ba mu koyarwa. In kuma zuwanka ya dace da yaye kuratan soja a Daffo, wadda ke nan tun 1924, za ka ga gari ya cika da iyaye daga kowace kusurwa ta Nijeriya, badujala na tashi, ƙafa dubbai na sauka a ƙasa lokaci guda, uwa na share hawaye tana neman ɗanta a cikin sahu ta kasa gane shi don duk an yi musu aski iri ɗaya.

Gidan namun daji ne ba mu da irin naku, kuma ba ma baƙin ciki. A 2019 duniya ta kwana tana dariyar labarin goggon birin da aka ce ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan zu na Kano, har sai da gwamna ya fito ya ce babu ma goggo a gidan. Ka ga garin da ko dabba aka tashi yi wa sharri, ba a ce ta ci ayaba ba, sai kuɗi.

Da Magariba za mu koma cikin birni, don a nan ainihin daɗin yake, irin wanda ba a bugawa a allon talla. Tun da rana in ka bi lunguna za ka ga maɗinka zaune a ƙofar gida, shadda shimfiɗe a cinya, allura na shiga tana fita, ana fitar da aska takwas zare bayan zare, hira na tafiya hannu bai tsaya ba. Riga ɗaya sai ta ci watanni. Ita ce Alhajinku ke sawa ranar Juma'a yana taƙama a Kano. Bayan sallah kuma zaurukan malamai su cika, a Unguwar Juma da Kona da sauran gidajen karatu, fitila a tsakiya, kowa da littafinsa, wannan ya karanto a fassara masa ya ja gefe, na bayansa ya matso. Za ka ga dattijo mai furfura durƙushe gaban malamin da ya haifa. Tun zamanin kakanni ake niƙo gari daga nesa a zo wannan zama, kuma ka bincika, cikin masu niƙowar akwai naka.

Sannan a kawo faten da kake yi wa gori. Tsaki ne ya dahu lugub da yakuwa da rama, ga gyaɗa, ga ɗan man shanu yana narkewa a sama, tururi na tashi. Na san yadda za a yi. Za ka ce a ɗan sam maka ka ɗanɗana, ka shanye, ka miƙo ƙwarya kana kallon gefe. Ba za mu hana ka ba, mun san wanda ya tashi da busasshiyar gurasa da garau-garau dole ya ga miya ya rikice. A rufe da mazarƙwailar Maƙarfi, a koma majalisa gindin rimi, ga mai shayi, ga mai tsire, ga 'yan dara ana ta gardama, ga gidan kallon ƙwallo can yana ihu. Kafin sha ɗaya kowa ya kama hanyar gida a ƙafa.

Abu ɗaya ne in ka gani ba na son ka yi dariya, don kai ma kana ciki. Ganuwarmu tana zaizayewa. Ruwa na ci, masu ɗiban ƙasa na ci, masu gini na ci. Sunayen ƙofofi na nan, Doka da Kuyambana da Gayan da Kona da Kibo da Jatau da Tukur-Tukur, amma a wurare da yawa sai an nuna wa yaro tudu an ce nan ganuwa take a da. Tsofaffin soraye masu zanko da dagi ana rushe su ana dasa bulo. Taku badalar ma haka, har ta fi, don ku da kun ga fili sai ku ga shago. In ni da kai muka bari waɗannan suka tafi, jikokinmu da me za su yi wa juna gori? Da shagon sayar da waya? Wannan kowane gari yana da shi. Masarauta da ƙananan hukumomi da jami'a da masu hannu da shuni su haɗa kai a kewaye abin da ya rage, a gyara, a koya wa samari ginin ƙasa tun sauran tsofaffin magina na da rai. Wannan kiran na Zazzau ne da Kano baki ɗaya.

To, ga sharuɗɗan zuwa. Sallah mai zuwa ka rufe shago kwana uku, ba za ka mutu ba. Ka biyo ta Kura da Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, tafiyar ba ta kai ta ratsa Kano daga wannan baki zuwa wancan wahala ba. Ka bar mudu da sikeli a gida. Duk abin da aka nuna maka ka ce Masha Allah, in ka kuskura ka ce nawa ne, tara ce. Masauki da fate a wuyana, kamar yadda ya wajaba a kan ubangida. Kai kuma ka taho da kuɗin sharar da ka danne mini tun watan Cika-ciki, cif-cif, ba ragi, ba a kawo gobe. In ka ƙi zuwa, ka aiko da amsa a shafin nan, masu karatu su yi mana alƙalanci.

Ubangidanka,
Bazazzagi